Tsibirin Kaka

"Inna, akwai kwakwa a tsibirin?" Sirajo ya sake tambaya.

"Akwai giginya," in ji Safiyyatu, tana cusa gidan sauro cikin buhu.

Tun da 'ya'yanta suka ga wani tsibiri a wayar babansu, mai farin yashi da shuɗin ruwa, suka hana ta sakat. Ita kuwa tsibiri ɗaya ta sani: tudun nan na tsakiyar gulbi, can bayan Fakku, inda kakarsu ke kafa ruga da rani. Ta daka yaji, ta soya ƙuli-ƙuli, ta yi wanki har bayanta ya ƙage. Da ƙyar ta shawo kan mijinta Namadi ya raka su.

A bakin gulbi kowa ya shiga kwalekwale. Autarta Nasiha ta matsa mata wuri.

"Ku tafi abinku," in ji Safiyyatu. "Ni nawa hutun a gida yake."

Ta kamo hanyar Tambuwal a kan kabu-kabu, har tana gyangyaɗi. Mako guda ba kuka, ba rabon faɗa, ba tuƙin tuwo!

Tana sauka ta tarar da Jannatu, ƙanwar mijinta, a zaure da yara biyar, kowa da ƙunshin kayansa.

"Yaya, da munka ji kin tura yara hutu, nic ce wallahi kaɗaici zai kashe ki. Ga nawa su ɗebe miki kewa, sai Juma'a ta sama."

Ƙaramin cikinsu ya ja zanin Safiyyatu.

"Inna, yunwa nika ji."