Minti Biyu a Kaset na Sha Bakwai

Ƙawata, matso kusa, wannan ba maganar tsakar gida ba ce.

Kin san Malama, matar Injiniya, wadda ko tsinke ta ajiye sai ta rubuta masa lamba. Ita ce ta sauko da kwalin kaset-kaset ɗin bidiyo na marigayi surukinta daga saman durowa, guda arba'in da uku, wasu har sun fara fumfuna. Ta ce za ta juye su cikin kwamfuta kafin su lalace.

Wata biyu ta yi tana wannan aiki. Ta haɗa tsohuwar na'urar bidiyo da kwamfuta, ta sa kaset, ta kafa ido a kan allo. Tun makon farko ta kashe sautin, wai shuu ɗin tsohon kaset yana tayar mata da ciwon kai. Fuskoki kawai take bi, musamman in an hasko yara. Sai ta tsayar, ta matso, ta duba, ta saki numfashi ta wuce. Abin da take nema dai ba ta samu ba.

Da ta gama, ta zuba komai a wani ɗan akwati baƙi da ke bayan kujera, ta haɗa shi da intanet ɗin gidan, yadda kowace talabijin za ta iya janyo fim ɗin da ake so. Kaset ɗin kuwa ta ba masu kwasar shara, ta ce ta gaji da ƙura.

Akwai talabijin ɗaya a ɗakin baya, wurin Gwaggo, ƙanwar marigayin. Injiniya ne ya kafa mata, ya bar finafinan suna bin juna don su ɗebe mata kewa. Malama ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce yau ga makauniya da gidan silima. Gaskiya idon Gwaggo ya tafi, haske da duhu kaɗai take bambancewa.

Tsakaninsu ba sabon abu ba ne. Shekara ashirin ke nan da Malama ta tafi aiki ta bar 'yarta ta fari a hannun Gwaggo, zazzaɓi ya rufe yarinyar, kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa. Shekararta uku. Tun ranar Malama ta haramta wa tsohuwar ambaton yarinyar, kuma ba ta sake kiran ta Gwaggo ba, sai dai “ta ɗakin baya”.

To shi akwatin nan yana da tsegumi. Yana rubuta wace talabijin ta kalli me, daga wane minti zuwa wane. Nan Malama ta ga abin mamaki: kullum bayan sallar walha, ɗakin baya na buɗe kaset na sha bakwai, daga minti na arba'in da ɗaya zuwa na arba'in da uku, a koma baya, a sake. Tsohuwar ta haddace maɓallan rimot da yatsa, kamar mai jan carbi. Sau ɗari da wani abu.

A kwanakin ne Gwaggo ta lallaɓo da bango har ƙofar Malama, sau biyu, tana cewa tana da magana. Malama ta ce in ba maganar komawa wurin danginta ba ce, ta riƙe abarta.

Amma ta buɗe wurin a kwamfutarta ta gani. Ba komai. Marigayi ne ya ajiye kyamara ya manta bai kashe ba. Ƙafar tebur, gefen darduma, takalmi wari guda. Minti biyu cur, ko inuwar mutum babu.

Ta zauna tana kallon ƙafar teburin nan. Ba ta san me tsohuwar ke so a ciki ba, kuma ba ta damu ta sani ba. Ya ishe ta cewa tana so. Ta ja alama daga arba'in da ɗaya zuwa arba'in da uku, ta yanke. Kwamfuta ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta tabbata. Ta bi har kwandon da goge-goge ke taruwa ta zazzage shi, sannan ta tashi ta ɗora girki tana 'yar waƙa.

Washegari ta laɓe a bakin taga. Gwaggo ta idar da walha, ta lalubo rimot, ta danna, ta karkata kai. Ta sake ƙirga maɓallan, ta danna. Ta goge rimot ɗin da bakin mayafi, ta sake. Har azahar.

Da Malama ta kawo abinci ta dangwarar, tsohuwar ta tambaya a hankali ko wani abu ya taɓa na sha bakwai.

“Shara ce na share,” in ji Malama. “Ƙafar tebur ce fa. Ko ita ma 'yar'uwarki ce?”

“Kaset ɗin fa?”

“Yana bola tun watan jiya.”

Ƙuda ya sauka a kan abincin. Gwaggo ta ce, “Allah ya sa ba ki ji ba.” Malama ta ce ji kuma na me, ta ja ƙofa.

Bayan sati biyu Gwaggo da kanta ta nemi a kai ta wurin ɗan ƙanenta. Ni na taya ta ɗaure kaya, a nan ta gaya mini, ta sa na yi mata alkawari Malama ba za ta taɓa sani ba. Ta ce wuta ɗaya ta ishi uwa.

Don haka, ƙawata, don girman Allah ki bar shi a cikinki: a bayan ƙafar teburin nan, inda kyamara ba ta kai ba, 'yar Malama ce take dariya tana kiran “Umma, zo ki gani”, kuma duk duniya babu inda muryarta ta rage sai a minti biyun nan.