Farfesa Ya Gyara Hanya

"Wai wannan ce ta gagare ku?" in ji sabon ma'aikacinmu, wanda muke kira Farfesa. Ya ture ni daga kujerata ya zauna.

Manhajar da Manaja ya sayo ce ta ƙi tashi tun bara. Kullum kwamfuta sai ta ce ba ta ga kayan aikinta ba.

"Kayan suna nan," ya ce. "Wani jaki ne ya nuna mata hanyar foldar da babu komai a ciki."

"Allah ya ƙara basira, Farfesa. Amma da ka bar ta haka."

"Hassada, Yaya?"

Ya rubuta hanyar daidai, ya ruga ya kira Manaja.

Manhaja ta tashi. Kafin shayin Manaja ya huce, ta gama aikin da dukanmu muke yi a wata.

Manaja ya ƙare mana kallo yana murmushi. "Ashe kun yi yawa. Da sabbin ɗauka zan fara sallama."

Yana fita, Farfesa ya matso kusa da ni. "Yaya, don Allah, wace folda ce ma aka nuna mata a da?"

Na ce, "Jakin ya manta."