Har Yanzu Uku Ne

"Oga, duba ƙasan allon. Wace lamba ka gani?"

"Uku," ya ce ta waya. "Kuma maɓallan ba sa dannuwa."

Tun safe nake sabunta laburare, wato ɓangaren da ke zana maɓallan manhajarmu. A kwamfutata siga ta biyar yake nunawa, a tasa ta uku. Na goge, na sake ɗorawa, har da tofa addu'a. Uku dai.

"Gobe masu saye za su zo. In kin gaza, ki faɗa," in ji Oga.

Na hau bene zuwa ofishinsa ina haɗa kalmomin ban haƙuri.

Na tarar yana ta danne-danne. Na leƙa.

Ashe ba manhajar ba ce, hotonta ne, wanda na tura masa makon jiya.

"Kin gani ko?" ya ce. "Ko motsi."