Umma Ta Ƙi Shan Magani

A gadonta na asibiti, Umma ta sake ture maganin. Nas ɗin ba ta yi gardama ba, ta kira babban ɗan Umma a waya.

Ya baro ofis ya zo yana huci, ya ja kujera bakin gadon.

"Haba Umma, hawan jini fa ba wasa ba ne. So kike a kore ni daga aiki?"

Ya yi ta faɗa, ita kuwa kanta a sunkuye. Da ya gaji, ya ɓare mata lemo, ya gyara mata filo, ya tsaya har ta haɗiye ƙwayoyin.

"Sai da faɗa take sha," ya ce wa nas ɗin. "Duk ranar da ta ƙi, ki kira ni."

Bayan ya tafi, tsohuwar gadon kusa ta ce, "Ke kam ba kya gajiya da faɗa?"

Umma ta kai lemo baki. "Lokacin da nake shan maganina lafiya lau, a waya kawai nake jin muryarsa. Ke wa ya zo miki yau?"

Da aka kawo wa tsohuwar nata maganin, ta juya fuska bango ta kame baki.