Sababbin Lambobin Malam Hilario

Ranar da likita ya ce wa Malam Hilario Furtado ya ƙirga daga ɗaya zuwa goma da Turanci, tsohon ya buɗe baki ya ce, "Pau... pau." Ɗansa tilo, Savio, wanda ya baro aikinsa a Kuwait saboda shanyewar jikin uban, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mutumin da ya shekara arba'in yana koyar da harshen Latin a garin Margao, yau goma ta gagare shi.

Daga asibiti Savio ya wuce gidan tsofaffi na sistocin coci, ya karɓo takardar neman gurbi. Sa hannun mahaifiyarsa kawai ya rage.

Perpetua ko kallon takardar ba ta yi ba. "Kai da likitan naka jirgi ɗaya ya kwaso ku," in ji ta. "Ba kasawa ya yi ba, ƙi ya yi. Ubanka ya ce lambobin Bature ba su da asali, sababbi yake ƙera musu daga Latin. Ka ba shi wata shida ka sha mamaki."

Savio ya san uwarsa, in ta kafe ko jaki ya sara mata. Ya ninke takardar ya koma Kuwait.

Da ya dawo, ya tarar zancen ya karaɗe ƙauyensu. Mai tallan kifi ta tsaya a ƙofa tana ƙyaƙyata dariya: "Madam, yau dozin za a ba ki, ko kuwa duwodenar Malam?" Perpetua ta ce, "Duwodena, kuma ki faɗa da kyau, ba bakin kifi ba." A gidan nan an soke rabi, sai semiya. An soke biyar, sai kwinta. Kunya ta ishi Savio, har ya daina zama a baranda.

A wajen cin abinci uban ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce, "Mul... mul."

"Multana!" Perpetua ta cafe da sauri. "Ka ji ko? Mai yawa ke nan." Ta ƙara wa mijin shinkafa da miyar kwakwa, ta share masa haɓa da gefen zaninta.

Ta rame. Ta kuma sayi tabarau mai kauri, ita da a da ko zare take sa wa allura ba ta neman taimako. Na uban kuwa yana can gaban hoton Maryamu, ƙura ta rufe shi. Da Savio ya tambaya, ta ce, "Me zai yi da shi? Komai na cikin kansa. Shi ke faɗa, ni ke rubutawa."

Savio bai yarda ba. Ya ɗauki littafin rubutun ya kai wa Fada Lino, tsohon limamin cocinsu, wanda shi kaɗai ya rage da sanin Latin a yankin. Fada ya bi kalmomi saba'in da uku ɗaya bayan ɗaya da yatsa. "Ɗana, wasu na da ban dariya," ya ce, "amma ko ɗaya ba ta kauce wa tushenta ba. Wanda ya yi wannan aikin hankalinsa garau yake. Kar ka ɗauki alhaki."

Savio ya dawo gida ya yaga takardar a gaban uwarsa, ya durƙusa ya nemi gafarar ubansa. Uban ya kalle shi ya ce, "Pau." Perpetua ta juya baya ta shige kicin, ta daɗe ba ta fito ba. Washegari Savio ya hau jirgi zuciyarsa wasai, yana ganin ya bar tsofaffi biyu cikin rufin asiri. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake yoyo.

Da damina ta yi tsakiya, wata maƙwabciya ta tarar da Perpetua kwance a kicin da tsakar rana, tukunya na ƙonewa a kan wuta. Ba ta ƙara tashi ba.

Bayan jana'iza Savio ya ja kujera kusa da ubansa, ya buɗe littafin, ya riƙe biro. Baƙin ciki ya cika shi, amma ya ƙudura zai ƙarasa aikin, don kar wahalar uwarsa ta tafi a banza. "Baba, mu ci gaba. Daga ina kuka tsaya?"

"Pau," in ji tsohon. "Mul."

Kwana uku ana haka. Sauti huɗu ko biyar ne, su yake ta juyawa, idonsa na kan ƙofar kicin. Savio ya ce bari ya duba babban ƙamus ɗin Latin na uban, ko zai gane abin da yake nufi. A kan kanta ya tarar da gurbinsa wayam. Ya birkice ɗakin karatu bai gan shi ba. Sai da ya je ɗebo shinkafa ya ci karo da shi a bayan gwangwani, an naɗe shi da tsumma.

Kusan kowane shafi da tambarin yatsa na kurkum. A gefe kuma rubutun fensir ne, karkatacce, na matar da karatunta ya tsaya a aji huɗu: "Yau ya ce pau. Na duba shafuka goma sha ɗaya kafin na samo masa." A cikin bangon ƙarshe ta rubuta: "Tun ranar da ya faɗi bai ƙara sanin ko sunana ba, amma muddin akwai sauran shafi a littafin nan, babu mai fitar min da shi daga gidansa."