Basilla a Shafi na Talatin da Ɗaya

Barira, na duba shafukan da kika shirya a kwamfuta domin taron gobe. Hamsin da biyu na ƙirga, kowanne maƙare da rubutu kamar takardar kotu. Kin sha wahala, ban raina ba. Amma ja kujera in ba ki wani misali kafin ki je ki tsaya gaban matan nan a asibiti.

An yi wani malamin gona, sabon fitowa daga makaranta, da aka tura wani ƙauye na manoman wake. Damuwar mutanen garin ɗaya ce: duk shekara ƙwari ke cinye musu wake a ɗaki, in kuma suka zuba masa magani, yara su ci su yi ta murƙususun ciwon ciki. Shi kuwa ya zo da mafita, wani buhu mai leda biyu a ciki. In aka zuba wake, aka matse iska, aka ɗaure bakin kowace leda da igiya, numfashi zai ƙare wa ƙwarin su mutu, ba tare da ko ɗigon magani ba. Sharaɗin guda ne tak: kada ledar ta huje.

Mako biyu ya yi yana shirya bayani, ya haɗa shafi arba'in. Duk abin da ya karanta a makaranta bai yarda ya bar ko ɗaya ba, har da sunan ƙwaron a Turance da tarihin kakanninsa. Wani rubutun ya shigo yana juyi, wani ya faɗo daga sama. Ranar taro aka tayar da janareta, aka rataya farin zane a ajin firamare, aka kunna majigi. Manoma suka cika ajin har taga, don abin ya ci musu tuwo a ƙwarya. Malam ya juya musu ƙeya ya kama zuba. Bakinsa yana wani wuri, allo yana wani wuri. Masu ɗan karatu suna kokawa da layi na uku sai ya danna ya wuce, marasa karatu kuwa suka zuba ido suna kallon rubutu yana rawa. Gargaɗin da aka tara jama'a dominsa, wato kada a ɗinke buhun nan, yana shafi na talatin da ɗaya, layi na tara, da 'yan haruffa kamar ƙafar tururuwa. Lokacin da shafin ya fito, malam yana ba da labarin yadda aka gwada buhun a wata ƙasa, ga ladan ya fara kiran la'asar. Sai ya danna ya wuce. Aka tafa masa sosai, aka raba buhuna, ya koma gida yana jin ya burge.

To, manomi tun yana yaro abin da ya sani shi ne in buhu ya cika, sai basilla da zare. Buhun da ba a ɗinke bakinsa ba, a wurinsu buhun rago ne. Saboda sun ɗauki abin da daraja, sai suka ƙara ƙwazo, suka yi ɗinki mai kyau kusa da kusa, basilla tana ratsa leda biyun nan gaba ɗaya. Ba wanda ya zuba magani, tunda malam ya ce ba a bukata. Bayan wata huɗu aka farke, sai gari da ƙwari. Har wanda aka ajiye don iri bai tsira ba.

Wani dattijo, wanda shi ya fara yarda da buhun ya kuma lallashi maƙwabtansa, ya ɗebo garin a kwano ya kai ofis ya ajiye a kan tebur. Malamin gona ya buɗe kwamfuta, ya lalubo shafin, ya nuna da yatsa. Ya ce, "Baba, ai na rubuta. Ga shi nan."

Dattijon ya sunkuya ya daɗe yana duba layin. Ya ce, "Ɗana, ka rubuta, ban musa ba. Amma ranar nan idonmu yana allo, kunnenmu yana wurinka, kowanne da inda yake jan mu. Da basilla kaɗai ka nuna mana, ka ce kul, da yau ina da abin shukawa."

Ya tafi ya bar kwanon. Abin da ke ci mini rai shi ne buhun ba shi da laifi ko kaɗan, amma mutanen garin nan suka koma wa maganinsu, kuma shekaru suka wuce ba mai iya ambatar buhu mai leda a dandalinsu ba a yi masa dariya ba.

Saboda haka, Barira, koma ki nemo basillarki a cikin shafuka hamsin da biyun nan, abu ɗayan da in matan suka manta shi yaro zai cutu. Ki ba shi shafinsa shi kaɗai, hoto babba, kalma uku ko huɗu da na can baya zai gani. In ya fito, ki fuskanci jama'a, ki yi shiru su gama kallo, sannan ki faɗi abin da ke allon, ba wani abu dabam ba. Sauran ilimin ki riƙe a kanki, wanda ya tambaya ki ba shi. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce taura biyu ba ta taunuwa.