Sandar da Ta Ji Ƙamshin Ladidi

Tun da aka kafa sandunan shinshina hayaƙi a titunan Kano, duk motar da suka ƙi, sai su yi ja, nan take motar ta mutu. Ta Ladidi mai sayar da turaren wuta ta mutu a Ƙofar Nasarawa.

Ta fito a fusace, ta nufi mai gadin sandar.

"Malam, jiya na sa sabuwar salansa mai tace hayaƙi. Me kuma kuke nema da ni?"

Ya shiga motar ya murza makulli, ta tashi.

"Hajiya, salansarki ƙalau take. Turaren jikinki sandar take ji."

"To fatata zan tuɓe?"

Ta ɗora kayanta a ka, ta kama hanya tana huci. Sanda ta gaba ta juyo gare ta, ta yi ja.